Bat ɗin da Dokas Ta Zaɓa

Dokas ba ta taɓa ɓatar da kuɗinta a kan abin wasa ba. Ko lokacin da 'yarta Rejoice take ƙarama, 'yar tsanar da ta goya ta kara ce da tsumma. Sai ga shi yau, da furfurarta da komai, tana kutsawa cikin babbar kasuwar Jalingo tana tambayar inda ake sayar da bat, wato faifan nan da samari ke buga ƙwallon tebur da shi. Kuma ba jika za ta saya wa ba. Mijinta za ta saya wa, Obadiya, mutumin da ya ba sittin baya.

Obadiya direba ne. Ya yi shekara da shekaru yana jigilar fasinja da doya tsakanin Jalingo da Iware, har ramukan hanyar ma ya san su ɗaya bayan ɗaya. Da daminar bara ya yanke jiki ya faɗi a tasha, aka kwashe shi sai asibiti, aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin dama. Magana ta dawo a hankali, ƙafa ma ta dawo, ko da yake jan ta yake yi. Hannun dama ne ya ƙi, hannun da ya yi rayuwarsa yana sa giyar mota da shi. Tun daga nan Obadiya ya daina fita. Ya daina zuwa coci, ya daina leƙa tasha, ya koma bayan gidansu na Nukkai ƙarƙashin mangwaro, ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Dokas ta fi tsoron wannan zaman a kan ciwon kansa.

A ɓangaren gashi da motsa jiki na asibiti akwai wata ma'aikaciya, Malama Aisatu, mace mai fara'a da ba ta karɓar "ba zan iya ba" daga bakin kowa. A zuwansu na ƙarshe ta tsayar da Obadiya a gaban wani ɗan teburin tenis da ke lungun ɗakin, ta cusa masa bat a hannun daman.

"Baba, kar ka mari ƙwallon," in ji ta. "Shafo shi za ka yi daga ƙasa zuwa sama, kamar kana goge gilashin mota."

Ta jefo. Ya kuskure. Ta sake jefowa, ya shafo, sai ƙwallon ya tashi ya haye raga ya faɗa ɗaya ɓangaren. Ya sake, ya sake hayewa. Obadiya ya yi dariya da rabin bakinsa. Dokas da ke zaune a benci ta kau da kai, don tun ranar da ya faɗi ba ta ƙara jin wannan sautin ba, kuma ba ta so ya ga idonta.

Kafin su tafi Malama Aisatu ta ja ta gefe ta ce in da hali a samo masa nasa, ya riƙa yi kullum kafin su dawo wata mai zuwa. Ta ce a nemi mara nauyi, mai soso mai laushi a ƙarƙashin robar, mai mariƙin da ya buɗe daga ƙasa don kada ya suɓuce masa. Ta ce kar a sayi na 'yan gasa, kuɗi ne kawai, kuma ya fi ƙarfin mai koyo.

Hali dai babu shi. Abin da Dokas ke samu a man gyaɗa da ƙuli-ƙuli magani ke cinye shi, ragowar kuma ciki. Kuɗin da ke hannunta kaɗai shi ne wanda ta daɗe tana tarawa don ankon zumuntar mata, zanen da duk matan cocinsu za su ɗaura a babban taron shekara. Shi ta ƙulle a bakin zane ta hau keke ta taho kasuwa, ba ta gaya wa kowa ba.

Shagon da aka nuna mata ƙarami ne, cike da rigunan ƙwallo da kofunan gasa masu ƙyalli. Mai shagon, Imrana, yana cikin jera takalma ta yi sallama.

"Sannu Mama. Na yaro ne ko na babba?"

"Na babba ne."

"Ya iya ne, ko lana ne?"

Obadiya da ya yaye direbobi ba adadi, yau shi ake tambaya ko lana ne, wato mai koyo.

"Lana ne," ta ce.

Imrana ya sauko da kala uku ya jera a kan kantar shagon. Na farko biyu ne a kwali ɗaya, har da raga da ƙwallaye, kuma shi ya fi araha. Idon Dokas ya tsaya a kansa, don ita mace ce da ba ta wuce biyu a kuɗin ɗaya. Amma da ta danna da yatsa ta ji katako ne kawai aka lulluɓe da wata roba mai ƙuraje, babu soso ko na magani. Na ƙarshe kuwa a jakarsa yake mai zif, da Imrana ya faɗi kuɗinsa sai ta janye hannunta kamar ta taɓa murfin tukunya a kan wuta.

"Shi wannan yana buga kansa ne?" ta tambaya.

Imrana ya yi dariya. "Na 'yan gasa ne Mama. Ko kina da kuɗin ma ba zan ba ki shawaran shi ba. Ƙwallo yana tashi a kan shi kamar harsashi, lana ba zai iya control ba."

Saura na tsakiya, shi ma iri biyu. Dokas ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannu, ta ɗauki ɗayan ta auna. Hannun da ya saba da kwalbar mai ba ya buƙatar sikeli, nan take ta san wanda ya fi sauƙi. Daga nan ta yi wani abu da ya sa Imrana ya daina murmushi. Ta naɗe ƙaramin yatsanta da na kusa da shi cikin tafin hannu, ta sassauta sauran ukun, ta riƙe bat ɗin da su kaɗai, ta ɗaga a hankali daga ƙasa zuwa sama. Haka hannun Obadiya ke riƙe cokali. Ta daɗe tana kallon hannun nan, ta san iyakarsa fiye da mai shi. Mai miƙaƙƙen mariƙi ya zame ya kusa faɗuwa. Mai buɗaɗɗen ƙasa ya tsaya.

"Mai shi ba shi da lafiya ne?" Imrana ya tambaya da ƙaramar murya.

"Maigidana ne. Hawan jini ya taɓa shi."

"Allah ya ba shi sauƙi. Baffana ma haka ya yi fama."

Suka yi ciniki, Dokas ba ta raga masa ba don ya yi mata jaje, shi ma bai ji haushi ba. Ya rage abin da zai iya, ya ɗora mata ƙwallaye biyu kyauta. Amma da ta zo kwance bakin zane sai hannunta ya tsaya. Kuɗin nan in ya fita ya fita ke nan. In ta kai gida Obadiya ya ce bai yi masa ba fa?

Imrana ya lura. "Mama, ki kai mishi ya riƙe ya ji. In bai zauna mishi a hannu ba ki dawo da shi. In dai ba a ɓare ledan ba zan karɓa, in ba ki kuɗinki."

Ya nuna mata wata siririyar leda garai-garai da ke manne a fuskar robar, gaba da baya, ja da baƙi.

To, wannan gargaɗin ɓata baki ne kawai Imrana ya yi. Wa ya gaya masa Dokas na ɓare leda? Kujerun falonta tun na auren Rejoice ne, har yau suna cikin ledarsu, in baƙo ya zauna da zafi sai ya tashi da ƙyar. Rimot ɗin talabijin a leda yake, an ƙulle da kyauro. Fuskar rediyo ma haka. Kuma ba ita kaɗai ba ce, a duk layinsu wa ke sayen sabon abu ya tuɓe shi tsirara? Mai keken da ya kawo ta ma kujerarsa na cikin leda. A wurin Dokas, abin da aka sayo da gumi ba a barin ƙura ta gan shi.

Da ta isa gida ta miƙa wa Obadiya bat ɗin. Ya juya shi, ya riƙe, mariƙin ya zauna masa daram. Ya ɗaga ido ya dube ta, ya ce, "Mama Rejoice, ina kika samu kuɗi?"

"Kai dai ka riƙe. Kar ka taɓa ledan fa."

Bai ko yi tunanin taɓawa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana zama a kan leda a falonsa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Akwai teburin tenis na matasa a zauren cocinsu, kuma Dokas na cikin matan da ke share wurin, makulli na hannunta. Da hantsi babu kowa, yara na makaranta, manya na wurin nema. Wannan ne kaɗai ya sa Obadiya ya yarda ya fito. Suka taka a hankali, yana jan ƙafa, tana riƙe da bat a cikin jaka kamar ta ɗauko ƙwai.

Ya tsaya a bakin teburin, ya gyara tsayuwa. Har wanka ya yi ya sa riga mai guga. Dokas ta koma ɗaya gefen ta jefo ƙwallon kamar yadda ta ga Malama Aisatu na yi. Obadiya ya shafo daga ƙasa zuwa sama. Ƙwallon ya sulale a fuskar bat ɗin ya faɗi a gabansa, ko raga bai kai ba.

"Ni ce ban jefa daidai ba," in ji Dokas.

Ta sake. Ya sake shafowa. Ya sake sulalewa.

"Iska ne. Bari in rufe windo."

Ta rufe taga, ba abin da ya canja. Washegari ta ce ƙwallon ne ba shi da kyau, suka gwada ɗayan. Rana ta gaba ta ce teburin ne ya karkata, har ta cusa kwali a ƙarƙashin ƙafarsa. Wani lokaci in ya fusata ya mari ƙwallon kai tsaye sai ya haye, ya wuce teburin gaba ɗaya ya bugi bango, amma wannan ba shi aka koya masa ba, kuma ya sani. Abin da ya yi a asibiti a gaban idon matarsa, shafawar nan mai sauƙi, shi ne ya gagara. Dokas ce ke bin ƙwallo ƙarƙashin benci tana ɗaukowa, tana dawowa da sabon uzuri kowane karo. Ta ɗora wa iska, ta ɗora wa haske, ta ɗora wa kanta. Ba ta taɓa kallon abin da ke hannunsa ba, don a ganinta sabon abu mai tsada ba ya laifi.

Ranar da abin ya ƙare, Obadiya ya ajiye bat ɗin a kan tebur a hankali, ya zauna a benci. 

"Ba iska ba ne," ya ce daga baya. "Ba tebur ba ne. A asibiti na yi. Yanzu ban iya ba. Hannun yana komawa baya ne, Mama Rejoice. Ciwon yana dawowa."

"Kar ka faɗi haka, Baba Rejoice. Ni ina gani kana samun sauƙi."

"Ke kullum kina gani."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Tun da ya kwanta take gani. In ya zubar da kunu ta ce kofin ne ya cika. In maɓallin riga ya gagare shi ta ce telan ne ya matse ramin. Ta yi ta yi don ƙauna, har maganarta ta zama ba ta da nauyi a kunnensa.

Daga ranar bai sake zuwa zauren ba. Bai tsaya nan ba, har 'yar ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa ya daina taɓawa. Ya koma ƙarƙashin mangwaro. Abinci sai ta yi da gaske yake cin loma biyu. Wata rana tana suyar ƙuli ya kira ta ya fara gaya mata cewa in ta Allah ta kasance a kai shi garinsu Kona kusa da mahaifinsa, kuma akwatin sifanunsa a ba wa yaron motarsa na dā. Dokas ta ce ba ta son irin wannan zance, ta koma bakin murhu, ta bar hayaƙi ya ɗauki laifin hawayenta. Tsoro ne ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko a ranar da aka kira ta daga tasha. A ranar jikinsa ne ya faɗi. Yanzu kuwa mutumin ne da kansa yake sakin hannu tana kallo.

Ana cikin haka shugabar zumunta, Mama Victoria, ta biyo ta gidan tana tuna wa Dokas cewa ita kaɗai ta rage ba ta kawo na anko ba, kuma za a rufe. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma muryar Mama Victoria ba ta san bango ba. Obadiya ya ji komai daga bayan gida.

Da ta tafi ya ce, "Ashe kuɗin zanenki ne."

Kafin ta buɗe baki ya ci gaba:

"Ki mayar musu. Ki karɓi kuɗinki ki yi anko kamar kowa. Kar ki tsaya cikin mata da tsohon zane saboda hannun da ya riga ya mutu."

Ta so ta yi musu, amma me za ta ce da ba ta riga ta faɗa ba? Washegari da safe ta goge bat ɗin da gefen zane, ta mayar da shi kwalinsa, ta hau keke. A hanya har ta ɗan gode wa Allah da ba ta ɓare ledar ba.

Imrana ya gane ta tun daga nesa. "Mama, ya jikin Baba? Bai zauna mishi ba ne?"

"Ya zauna. Hannun ne ya ƙi."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya karɓi kwalin ya zaro bat ɗin don ya duba. Ya karkata shi wajen haske. Ledar na nan, amma duk ta yi dishi-dishi da tabon ƙwallo.

"Mama, an buga da wannan?"

"An buga mana. Amma ban ɓare ba, ka duba."

"Da ledan aka buga?"

"Ba kai ka ce kar a ɓare ba?"

Imrana ya buɗe baki, dariya ta taso masa, sai ya dubi fuskarta ya haɗiye ta. Ya dafe kai.

"Wayyo Mama. Ni na ce ya riƙe ya ji ne kawai. Ba a wasa da ledan. Laifina ne, da na miki bayani."

Ya jawo wani tsohon bat nasa daga ƙarƙashin kanta, ya ɗauko ƙwallo ya ba ta. Ya ce ta danna ƙwallon a kan robar ta ja. Ta ja, ta ji ya cije, robar ta riƙe shi har da ɗan ƙara. Ya miƙo mata nata ya ce ta ja a kan ledar. Ƙwallon ya zame kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu.

"Kin gani? Roban ne yake kama ƙwallo ya ɗaga shi. In da leda, ko champion ne ya shafo, ƙasa zai faɗi."

Dokas ta ja ƙwallon a kan ledar, ta sake ja, ta sake.  Duk safiyoyin nan suka dawo mata, riga mai guga, ƙwallo na faɗuwa a gabansa, ita kuma tana rufe taga. Mutumin nan yana can yana rabon sifanu, yana zaɓar wurin kabari, saboda wata leda da ba ta kai kaurin bawon albasa ba, kuma ita ce ta ce kar ya taɓa. Kunya ta rufe ta, da haushin kanta, amma a ƙarƙashinsu wani abu mai kama da murna yana motsi, har ta rasa wanne za ta fara ji.

"Ba komai Mama," in ji Imrana. "Magana na ɗaya ne. In kina so ki mayar zan karɓa a haka, tunda ba a ɓare ba."

Ya jawo durowar kuɗi. Dokas ta ga kuɗin, ta ga zanen anko a idon zuciyarta, shuɗi mai fararen kurciyoyi, ta ga kanta a layin mata. Kuma ba ta da tabbacin cewa Obadiya zai yarda ya sake riƙe bat, da leda ko babu. In ta ɓare ya ƙi, ta yi biyu babu.

Ta sa farce a gefen jan ɓangaren. A rayuwarta ba ta taɓa yi wa sabon abu haka ba. Ledar ta taso da ɗan sauti, robar ta fito ja wur tana sheƙi. Imrana ya mayar da durowar ya rufe.

"Saura bayan," ya ce.

"A'a. Wannan ka bar shi tukuna."

Ya ɗauka halinta na son leda ne ya motsa, ya yi murmushi. Ba haka ba ne. Dokas ta san in ta je da baki kawai, an gama jin bakinta a gidan nan.

Ta same shi inda ta bar shi, ƙarƙashin mangwaro, kunun da ta ajiye masa ya yi sanyi. Ya ga kwalin a hannunta ya haɗe rai.

"Sun ƙi karɓa?"

"Sun yarda. Ni ce na ƙi." Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gabansa. "Baba Rejoice, ba hannunka ba ne. Ledan ne. Ba a wasa da shi, ni ban sani ba."

Ya yi wata gajeriyar dariya mara daɗi. "Iska ya ƙare, tebur ya ƙare, yanzu leda."

"Na san ba za ka yarda ba. Kawo hannun."

Bai kawo ba, ita ta kamo shi. Ta sa masa bat ɗin a hannun hagu, baƙin ɓangaren mai leda a sama, ta sa ƙwallon a cikin yatsunsa uku na dama, ta ce ya danna ya ja. Ya ja don ta ƙyale shi. Ƙwallon ya zame. Ta juya bat ɗin zuwa jan ɓangaren.

"Sake."

Ya ja. Ƙwallon ya cije ya tsaya.

Obadiya ya dubi bat ɗin. Ya juya shi da kansa ya ja a baƙin, ya juya ya ja a jan. Ya yi haka ya fi a ƙirga, ita kuma ta yi tsit, ta bar shi. Direba ne, ya san bambancin taya mai gashi da wadda ta suɗe a kan jiƙaƙƙen titi, ba sai an yi masa wa'azi ba.

"Da wannan nake bugawa duk kwanakin nan?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Da shi."

"Ina ta zagin hannuna."

"Ka yafe mini."

Ta fara tsoron fushin da zai biyo baya. Ta ga muƙamuƙinsa na motsi. Sai ya ɗora bat ɗin a cinya, ya sa farcen hagu a gefen baƙin ɓangaren ya fizge ragowar ledar, ya dunƙule ta ya jefar a ƙasa.

"Ina makullin?" ya ce.

Rana ta take sosai lokacin da suka isa zauren, kwanon rufin na fitar da zafi. Bai tsaya canja riga ba, da singiletinsa ya zo. Ya tsaya a bakin teburin, ta koma gefenta.

Ta jefo. Ya kuskure gaba ɗaya, bat ɗin bai ko taɓa ƙwallon ba. Ta ɗauko ta sake jefowa. Ya shafo daga ƙasa zuwa sama, ƙwallon ya tashi ya yi baka ya haye raga, ya sauka a gabanta ya daki cikinta.  Ta sake jefowa, ya sake hayewa. Na gaba ya bugi raga. Na bayansa ya haye.

Sai wani ya zo masa ta dama, ɗan nesa kaɗan. Ya miƙa hannu, hannun ya makara, ƙwallon ya bugi gefen katakon ya yi tsalle ya gangara can ƙarƙashin bencin baya. Dokas ta buɗe baki.

"Kar ki ce komai," in ji Obadiya. "Wannan kam hannuna ne. Na ji shi."

Ta rufe bakinta. Ta juya za ta bi ƙwallon kamar kullum, ya ce, "Bari."

Ya ajiye bat ɗin a kan tebur, ya taka zuwa bayan zauren yana jan ƙafa. Ya dafa benci da hagu, ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannun dama. Ƙwallon ya kufce wa yatsunsa ya ƙara gangarawa. Ya matsa ya sake zurawa, ya sake kufcewa. Dokas ta tsaya inda take, ta damƙe gefen teburin da hannu biyu don kada ƙafafunta su kai ta, hawaye na zuba ba ta share ba. Wannan tsayuwar ta fi mata ɓare ledar wuya.

A karo na gaba yatsun uku suka rufe a kan ƙwallon. Ya miƙe a hankali, gumi na bin wuyansa, ya dawo ya ajiye mata shi a tafin hannu. Ya ɗauki bat ɗinsa ya koma gefensa ya gyara tsayuwa.

"Jefo ta daman nan kuma," ya ce.